Rigimar Asalin Halitta: Ina Kimiyya da Addini Suka Yi Karo, Ina Ba Su Yi Ba?

Duk wanda ya yi ajin ƙarshe na sakandare a Katsina ko Daura, ya kuma ɗauki darasin bayoloji, ya san makon da ake isowa babin juyin halitta. Malam zai zana raƙumin dawa a allo, ya yi bayanin Lamarck, ya yi na Darwin, sannan ya ajiye alli ya ce, "Wannan ku haddace shi saboda WAEC da NECO kawai. Mu Musulmi ba mu yarda da shi ba." Yara su ce, "To, Malam." A wuce babi na gaba.

Ban ga laifin niyyar malamin ba. Imanin yara yake karewa, kuma ba ya son gobe da safe wani uba ya yi sallama a ofishin shugaban makaranta. Amma abin da yaro ya tafi da shi gida shi ne, akwai ilimin da ake rubutawa don cin jarrabawa ko da ƙarya ne, kuma addini da kimiyya ba sa ga maciji. Yaron nan ne zai shiga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-ma ya karanta ilimin ƙananan halittu, ya tarar rabin abin da ake koya masa a kan babin da aka ce masa ƙarya ne ya zauna. Wani ya ci gaba da haddar abin da bai yarda da shi ba har ya karɓi digiri. Wani kuma ya yi shiru, ya fara zargin cewa tun farko ɓoye masa wani abu aka yi, daga nan zargin ya tsallaka zuwa inda bai kamata ba.

Abin da ake kira "aƙidar Darwin" a teburin mai shayi da kuma Facebook ba magana ɗaya ba ce. Tambayoyi ne daban-daban aka haɗe. Shekarun duniya nawa? Ta yaya rai ya fara? Shin halittu suna sauyawa, har wani jinsi ya fito daga wani? Ina matsayin Annabi Adamu, alaihis salam? A kan waɗannan duka kuma ga tambayar da ba ta ɗakin gwaji ba ce: akwai Mahalicci? Ra'ayina shi ne, a wuri ɗaya tak nassi da binciken zamani suke gogayya da gaske, wato batun Annabi Adamu. Sauran hayaniyar yawancinta aro ce.

Shekarun duniya ba su da wuyar sha'ani. Masana duwatsu sun ce biliyan 4.5 da ɗoriya kaɗan, kuma ba da ka suka faɗa ba. Akwai sinadarai irin su yuraniyom da suke rikiɗewa a hankali su koma dalma, bisa wani ma'auni da zafi ko sanyi ba sa canja shi. Idan aka auna nawa ya rikiɗe, nawa ya saura a cikin dutse, sai a san tun yaushe dutsen ya daskare. Irin wannan awo aka yi wa dutsen da ya faɗo daga sama a Zagami, nan ƙasar Katsina, ranar 3 ga Oktoban 1962, dab da wani manomi da ke korar tsuntsaye a gonarsa. Nauyinsa ya kai kilo 18. Awo ya nuna ya daskare kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, iskar da ta maƙale a cikinsa kuma ta dace da iskar duniyar Mas, wato daga can ya taso. A Kalambaina ta Sakkwato, dutsen da ake haƙa don yin siminti cike yake da ɓawon halittun teku. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa da ta rayu fiye da shekara miliyan 66 baya, har aka raɗa mata suna Goronyosaurus. Ma'ana, akwai zamanin da teku ya shimfiɗa a inda yau ake noman albasa.

Babu abin da zai tayar wa Musulmi hankali a nan. Alƙur'ani bai ba da adadin shekarun duniya ba. Ya ce kwana shida, ya kuma ce a Suratul Hajji yini ɗaya wurin Ubangiji kamar shekara dubu ne na lissafinku, a Suratul Ma'ariji ya ambaci yini mai tsawon shekara dubu hamsin. Lissafin nan na shekara dubu shida da wasu ke kafewa a kai na wani babban limamin coci ne a Ailan, James Ussher, wanda a 1650 ya tara shekarun zuriyoyin da ke cikin Baibul ya ce an halicci duniya a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Rigimar da ta biyo baya ta fi zafi a Amurka, inda a 1925 aka gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, a kotu don ya koyar da juyin halitta. Daga can ne yawancin hujjojin da muke ji yau suka taso. Littattafai da faifan bidiyon Harun Yahya, waɗanda suka cika shaguna da wayoyin matasa a shekarun 2000, sun kwaso mafi yawan makamansu daga waɗancan Kiristocin Amurka, suka sa musu rawani. Shi marubucin, wanda ainihin sunansa Adnan Oktar ne, ɗan Turkiyya, bai karanci ilimin halittu ba, ba kuma malamin addini ba ne.

Tambayar yadda rai ya fara ita ce aka fi ɗora wa Darwin, alhali littafinsa na 1859 bai yi bayaninta ba. Shi ya fara ne daga inda rai ya riga ya samu, yana tambayar yadda ya rarrabu. Game da farkon rai, abin da ke hannun masana guntu-guntu ne. An san akwai ƙananan halittu a doron ƙasa tun aƙalla shekara biliyan 3.5, saboda sun bar alamunsu a tsofaffin duwatsun yammacin Ostireliya. A 1952, Stanley Miller, ɗalibi a Jami'ar Shikago, ya zuba ruwa da wasu nau'o'in iska a kwalba, ya riƙa sakar musu tartsatsin lantarki a madadin walƙiya, bayan kwanaki ya samu amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su. An kuma samu irin waɗannan tubala a cikin dutsen da ya faɗo daga sama a Murchison ta Ostireliya a 1969. To amma daga tubali zuwa ƙwayar halitta mai ci, mai numfashi, mai haifar irinta, tazara ce mai nisan gaske, kuma har yau babu ɗakin gwajin da ya ƙetare ta. Akwai hasashe iri-iri: wasu sun ce a maɓuɓɓugan ruwan zafi na ƙarƙashin teku aka fara, wasu sun ce a tafkuna masu ƙafewa su sake cika. Ba a tsayar da ɗaya ba.

Don haka matashin da ya rubuta cewa kimiyya ta gano yadda rai ya samar da kansa, ya faɗi abin da masu binciken kansu ba su faɗa ba. Amma ina jan kunnen ɗaya ɓangaren ma. Mai wa'azin da ya kafa hujjar samuwar Allah a kan cewa "ai sun kasa haɗa ƙwayar halitta" ya jingina imanin masu sauraronsa da labarin da zai iya canjawa gobe. Ranar da aka haɗa fa? Wanda ya fahimci tauhidi ba zai girgiza ba, don gano hanyar da abu ya bi bai kore Wanda ya shimfiɗa hanyar ba. Alƙur'ani ya ce daga ruwa aka sanya duk wani abu mai rai, a Suratul Ankabuti kuma ya ce ku yi tafiya a cikin ƙasa ku duba yadda Ya fara halitta. Umarni ne na dubawa.

Yanzu ga inda aka fi jahiltar juna: sauyawar halittu. Abin da Darwin da Alfred Wallace suka gabatar a 1858 bai fi ƙarfin fahimtar mai kiwo ba, kuma shi Darwin kansa da misalin masu kiwo ya buɗe bayaninsa. Je ka kasuwar Mai'aduwa ko Charanci ka dubi tumaki. Ga Balami dogo fari, ga Uda mai rabi baƙi rabi fari, ga 'yar ƙasa gajera mai juriya. Duk tumaki ne, amma tsararraki na makiyaya sun yi ta ware ragon da ya yi musu su bar shi ya yi barbara, su sayar da wanda bai yi ba, har garke ya bambanta da garke. Darwin ya ce, ko babu makiyayi, fari da yunwa da cuta da maƙiya suna yin wannan tankaɗe. 'Ya'ya ba sa fitowa iri ɗaya. Ana haifar fiye da waɗanda za su rayu. Wanda ya zo da siffar da ta dace da wurin ya fi barin zuriya, siffar ta yaɗu. Abin da Darwin bai sani ba shi ne yadda ake gadon siffar. Wannan sai da aka dawo kan aikin Gregor Mendel, wani malamin coci da ya yi gwaji da wake a shekarun 1860, sannan a 1953 aka gano fasalin sinadarin gado da ake kira DNA.

Ba sai an je tsibiran Galapagos da Darwin ya ziyarta ba kafin a ga wannan. Manya sun tuna lokacin da kulorokwin ke kwantar da zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku, ko da kuwa zai bar mutum da ƙaiƙayi. Daga baya ya daina aiki, har a 2005 Nijeriya ta sauya shi da haɗin magungunan da ake kira ACT. Ba maganin ne ya lalace ba. A cikin biliyoyin ƙwayoyin cutar, an samu 'yan ƙalilan da wani ɗan sauyi a ƙwayoyin gadonsu ya sa suna iya fitar da maganin daga inda yake kashe su. Muka yi ta sha, masu rauni suka yi ta mutuwa, masu taurin suka gaje fili. Abin sha'awa, ƙasar Malawi ta janye kulorokwin tun 1993, bayan wasu shekaru aka tarar ƙwayoyin da maganin ke kashewa sun sake rinjaye, domin taurin nan yana da tsada ga ƙwayar cutar idan babu maganin. Haka sauro yake yi da maganin da ke jikin gidan sauro. Haka ƙwayoyin bakteriya suke yi da maganin da ake saye a kemis a sha na kwana biyu a watsar.

Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin jininmu. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya AS ne, kuma babu ƙasar da ta kai mu yawan haihuwar masu sikila. Me ya sa ciwo mai tsanani haka bai ƙare ba tun zamanin da babu asibiti, lokacin da yawancin masu SS ba sa kai shekarun aure? A 1954 Anthony Allison, wanda ya yi bincikensa a Gabashin Afirka, ya nuna dalili: yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓi mai kisa. A ƙasar da sauro ke ɗauke yara, masu AS suka fi kai wa girma, suka fi barin baya. Shi ya sa taswirar sikila ta bi sawun taswirar zazzaɓi, daga Afirka zuwa wasu sassan Larabawa da Indiya. Limamin da yau yake cewa sai an kawo takardar gwajin jini kafin ya ɗaura aure, saboda AS da AS kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, da wannan ilimi yake aiki, ko ya ambaci sunan Darwin ko bai ambata ba. Haka nan yadda Fulani da yawa ke shan ɗanyar madara har tsufa ba ta ɓata musu ciki, alhali mafi yawan manya a duniya cikinsu ba ya narkar da ita, gadon dubban shekarun kiwo ne.

A nan mai musu zai ce, kuma yana da gaskiyar tambaya, "To ai sauro dai sauro ne, tunkiya tunkiya ce. Nuna mini inda kifi ya zama ƙadangare." Ba wanda zai nuna masa a tsawon rayuwarsa, domin magana ce ta miliyoyin shekaru. Hujjar da masana ke kawowa ta bin sawu ce. A Wadil Hitan da ke hamadar Masar akwai ƙasusuwan manyan dabbobin teku, dangin kifi whale, ɗauke da 'yan ƙananan ƙafafun baya har da yatsu. Wasu masu bincike sun lissafa cewa idan har dabbobin tudu daga na ruwa suka fito, to ya kamata a samu mai siffar tsakani a duwatsu masu shekara miliyan 375. Suka nufi irin waɗannan duwatsu a arewacin Kanada, a 2004 suka tono Tiktaalik, kifi mai wuya da ƙasusuwa irin na gaɓar hannu a cikin fiffikensa. Sannan da aka iya karanta sinadarin gado, sai bishiyar dangantakar da ya bayar ta yi daidai, a mafi yawan rassanta, da wadda aka riga aka zana daga ƙasusuwa. Akwai giɓi a tarihin ƙasusuwan, akwai saɓani tsakanin masana kan saurin sauyin da hanyoyinsa, an ma taɓa yin damfara, irin ƙoƙon kan Piltdown na 1912 da aka gano na jabu ne a 1953. Sai dai masanan ne da kansu suka tona asirinsa, da irin awon da ake zarginsu a kai.

Shin nassi ya hana a yarda cewa doki da jaki kakansu ɗaya, ko tsuntsaye sun fito daga wasu dabbobin da suka shuɗe? Suratun Nur ta ce Allah Ya halicci kowace dabba daga ruwa, wata na tafiya a kan ciki, wata ƙafa biyu, wata huɗu. Ba ta ce a tashi ɗaya ba, ba ta ce a hankali ba. Wannan ba sabon fahimta ba ne. Tun a ƙarshen shekarun 1880 Shaihu Husaini al-Jisr, malamin Ɗarabulus ta Lebanon, ya rubuta cewa shi bai ga hujjar ta kai yankan shakka ba a zamaninsa, amma in ta kai, ba ta rushe imani da Mahalicci, domin halitta a tashi ɗaya da halitta daki-daki duk a ƙarƙashin ikon Allah suke. Sai dai kada mu zarce, kamar masu cewa Jahiz na Basra ko Ibn Khaldun sun riga Darwin. Sun yi maganar gwagwarmayar dabbobi da jerin darajojin halittu daga ma'adinai zuwa tsirrai zuwa dabbobi zuwa mutum, amma wannan tsari ne na martaba, ba bayanin zuriya ba.

Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne cewar wai komai "kwatsam" ya faru. Abin da masanin halittu yake nufi ƙanƙane ne: sauyin da ke aukuwa a ƙwayoyin gado ba ya duba bukatar mai shi kafin ya auku. Ƙwayar zazzaɓi ba ta hango kulorokwin ta shirya masa ba. Wannan bayani ne na abin da awo ke iya gani. Cewa babu mai nufi a bayan abin, wannan kuma falsafa ce, kuma idan Richard Dawkins, masanin halittu ɗan Birtaniya, ya faɗe ta, da bakin mulhidi ya faɗa, ba sakamakon gwaji ba ne. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam gaba ɗaya, Kirista ne mai riƙo da addini, kuma ya yarda da juyin halitta. Darwin kansa ya rubuta a wata wasiƙa a 1879 cewa mutum na iya zama mai cikakken imani da Allah kuma ya yarda da wannan bayani. Mu nan ma mun saba da haɗa biyun ba tare da mun lura ba. Yaro ya koyi yadda rana ke ɗaga tururi ya zama girgije, idan damina ta yi jinkiri kuma ya bi mahaifinsa filin idi roƙon ruwa, babu wanda ya ce ya yi tufka da warwara. Littafin tauhidin Sanusi da ake karantawa a zaurukanmu ya koyar da cewa wuta ba ta ƙuna da ikon kanta, Allah ne ke halittar ƙunar a yayin haɗuwa. Malaman da ba su bi wannan bayani ba sun ce sababi yana aiki, amma da izinin Wanda ya halicce shi. Ko wanne ka ɗauka, babu ganyen da ke faɗuwa ba da saninSa ba, balle sauyi a ƙwayar gado.

Sai maganar biri. Masana ba su ce biri ya haifi mutum ba, ba su kuma ce birin da ke ɓarna a gona zai wayi gari mutum ba. Cewa suka yi mutum da cimfanzi sun haɗa kaka shekara miliyan 6 zuwa 7 baya, kowa ya kama hanyarsa. Ƙyamar da baƙar fata ke yi wa wannan zance tana da tushe, kada a raina ta. Turawan mulkin mallaka sun fake da sunan Darwin sun jera jinsunan mutane hawa-hawa, suka ajiye mu a ƙasa. A 1906 an saka wani ɗan Kongo, Ota Benga, a kejin birai a gidan namun daji a Amurka, mutane suna zuwa kallo. Amma binciken ƙwayoyin gado ya ƙaryata wannan jeri: 'yan Adam na yau duka dangi ne na kusa ƙwarai, kuma daga Afirka kowa ya fita. Masu juya maganar kuma su ce birai ne suka fito daga mutanen da aka shafe, hadisin Ibn Mas'ud a Sahihu Muslim ya rufe wannan ƙofa: waɗanda aka shafe ba su bar zuriya ba, kuma akwai birai da aladu tun kafin su.

Ƙasusuwan dai suna nan, wasu ma a maƙwabta. A 2001 aka tono ƙoƙon kan da ake kira Tumai a hamadar Jurab ta arewacin Cadi, mai kimanin shekara miliyan 7, kodayake masana na jayayya kan ko da ƙafa biyu yake tafiya. A 1974 aka samu Lusi a Habasha, shekara miliyan 3.2, ƙugunta da gwiwarta na mai tafiya a tsaye, ƙwaƙwalwarta ƙarama. A Jabal Irhud ta Maroko an samu masu fuska irin tamu na kimanin shekara 300,000. A cikin jiki kuma, mutum yana da kuromosom, wato ƙunshin sinadarin gado, 46, cimfanzi 48, kuma na biyu a jerin namu yana ɗauke da alamar haɗewar guda biyu da suke a rabe a jikin cimfanzi.

Nan ne aka zo wurin da ba a shafa masa mai. Alƙur'ani ya yi maganar halittar Annabi Adamu dalla-dalla: daga turɓaya, daga yumɓu, daga busasshen taɓo mai amo, aka busa masa rai, aka umarci mala'iku su yi sujada. Suratu Ali Imrana ta ce misalin Isa a wurin Allah kamar misalin Adamu ne, kuma hujjar ayar ba ta tsayuwa sai idan Adamu ba shi da uba. Suratun Nisa'i ta buɗe da cewa daga rai guda aka halicce mu. Malaman tafsiri na farko da na baya a kan wannan suka tafi. Wanda ya ce Annabi Adamu yana da iyaye, ko ya ce labarin duka misali ne, ya saɓa wa zahirin nassi da fahimtar jamhuru, kuma ya kamata ya san nauyin abin da ya ɗauka.

Musulmin da suka san ɓangarorin biyu sun kasu. Akwai masu ƙin juyin halitta ɗungurungum, waɗanda a ganina sun ɗora wa kansu musun abin da nassi bai umarce su su musa ba. Akwai masu karɓar sa a kan dukkan halittu ban da mutum. Akwai masu karɓar sa har da mutum, su yi tawilin ayoyin. Sai matsaya ta huɗu, wadda David Solomon Jalajel ya shimfiɗa a 2009, Shoaib Ahmed Malik kuma ya faɗaɗa ta a 2021 bisa ƙa'idojin Imam Gazali. Ita ce ta fi kwanta mini. Taƙaicenta: Annabi Adamu an halicce shi ba uwa ba uba, kamar yadda nassi ya faɗa, kuma dukkanmu zuriyarsa ne. Wannan aiki ne na keta al'ada, irin haihuwar Annabi Isa da taguwar Annabi Salihu, kuma kimiyya ba ta da ma'aunin tabbatar da irinsa ko kore shi, domin ita abin da ke maimaituwa take aunawa. Amma nassi bai faɗi shekarar da aka saukar da shi ba. Bai ce babu wasu halittu masu kama da mutum a doron ƙasa kafinsa ba. Hasali ma da mala'iku suka tambaya ko za a sanya mai ɓarna da zubar da jini, wasu masu tafsiri sun ce sun ga hakan ne daga aljanun da suka riga zama. Inda nassi ya yi shiru, sai a dakata, a bar masu tono su yi tono.

Ba na cewa wannan ya share kowace ƙura. Yawan bambancin da ke cikin ƙwayoyin gadon mutanen yau yana da wuya a ce daga mutum biyu kaɗai ya fito a cikin 'yan dubban shekaru. Tun 2010 kuma aka nuna cewa mutanen da ke wajen Afirka suna ɗauke da kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na gadon Niyandatal, wasu mutanen da da suka ƙare kimanin shekara 40,000 baya, aikin da ya sa aka ba Svante Pääbo kyautar Nobel a 2022. To su waɗannan 'ya'yan Adamu ne ko kuwa? Idan su ne, an tura zamaninsa baya da nisa ƙwarai. Idan ba su ba ne, an yi auratayya ke nan tsakanin zuriyarsa da wasu. Kowace amsa tana da abin da za ta biya, kuma ɗalibin da ya ɗaga hannu ya yi wannan tambaya a aji ko a gaban malami bai yi ridda ba. A garin da kalmar "ya zagi addini" ke iya tara jama'a cikin minti kaɗan, wajibi ne masu ilimi su bambance mai tambaya da mai izgili. Kiristoci ma sun bi ta nan: a 1950 Fafaroma Pius na 12 ya halatta bincike kan asalin jikin mutum, ya riƙe cewa rai Allah ne ke halittarsa kai tsaye.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi maganar masu musun lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini. Ya ce cutar da suke yi wa addini ta fi ta maƙiyansa, domin wanda ya san lissafin da yaƙini, in aka ce masa addini ya ƙaryata shi, ba lissafin zai zarga ba. Katsina ba baƙuwar wannan tarbiyya ba ce. Ita ta fitar da Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741.

Akwai kuma abin da Ibn Hajar al-Askalani ya yi a sharhinsa na Bukhari, da ya iso hadisin da ya ce tsawon Annabi Adamu zira'i sittin ne, kuma halitta ba ta gushe tana raguwa ba har yanzu. Ya karɓi hadisin, don ingantacce ne. Sannan ya kawo abin da ido ya gani: gidajen Samudawa da aka sassaƙa a duwatsun Hijir suna nan, kuma ƙofofinsu da ɗakunansu ba su nuna mutane masu tsawon da lissafin raguwar zai bayar ba, alhali zamaninsu ya yi nisa. Bai ce gidajen ƙarya ne ba, bai ce hadisin ƙarya ne ba. Ya rubuta cewa har zuwa lokacin bai ga abin da zai warware masa wannan ishkali ba, ya wuce zuwa jumla ta gaba.